Kifin na Jiha, Jirgin na Tarayya: To Mai Fatsa a Kogin Kaduna Wurin Wa Zai Je?

Baban Hanifa, Malali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan, tunda Allah Ya haɗa mu da lauyoyi da injiniyoyi da 'ya'yan masunta.

Ni a bakin kogin nan na tashi. Muna yara, ranar Alhamis da ba a makarantar allo, sai mu haƙo tana, mu ɗaura ƙugiya a zare, mu sari kara mai ƙwari mu gangara. Karfasa, kurungu, in an yi sa'a tarwaɗa. Wanda minjirya ta girgiza kuwa, sai a yi mako ana labarinsa. A nan na koyi iyo, a nan na koyi zama shiru.

To ranar Asabar na ɗauki yarana biyu maza muka nufi wani dam da ke wajen gari, da fatsar zamani guda biyu da na saya musu. Muna isa wani mai gadi ya ce an hana. Na ce a nuna mini inda aka rubuta, babu allo, babu takarda. Can wani ya zo ya ce in zan ba da naira 2,000 kan kowane mutum sai mu zauna. Na ce to a ba ni rasit, ya ce ba a rasit. Muna cikin haka, ga wasu can gefe suna jan taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro, suna zube 'yan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, ba wanda ya ce musu kanzil. Ƙaramin yaron ya ce to ko kwale-kwale a shiga da su. Na tambayi mai jirgin rigar kariya, ya ce ba shi da ita. Haka muka juyo, fatsar ko jiƙewa ba ta yi ba.

Tambayata: a dokar ƙasar nan da ta jihar nan, mutumin da ke son kamun kifi ko shiga jirgi don hutawa kawai, yana da gurbi? Wa ke ba shi izini, wa ke kare shi, kuma kuɗin da zai biya ina za su?

Matashin Rigasa:
Wa alaikumus salam. Baba, da girmamawa, mu a nan jarka ake sayar mana da ruwa, famfo ya manta da mu. Magidanci na neman na masara. A wannan halin a ce gwamnati ta zauna tana tsara wa masu mota wurin fatsa? Wannan maganar waɗanda suka ƙoshi ce.

Baban Hanifa, Malali:
Ɗana, ban ƙi taka ba, ni ma 'yan garuwa ke kawo mini rabin mako. Amma lokacin da muke fatsa ko takalmi ba mu da shi. Yaran talakawa ne aka fara raba su da kogin, ɗan mai kuɗi in yana son ruwa Abuja za a kai shi tafkin Jabi. Kuma ruwan da ka ce babu a famfo, daga kogin nan ake ɗebo shi. In ya mutu, da mai jarka da mai fatsa duk asara ɗaya za mu yi.

Injiniya Mai Ritaya:
Bari in sa baki, don aikin ruwa na yi har na ajiye. Baban Hanifa, ka san kowane dam da dalilin gina shi. Kangimi da ke Igabi an yi shi a shekarun 1970 don a tara ruwan damina, in rani ya yi kogi ya ja baya a sako shi ya ƙara wa matatar Malali, sannan a yi noman rani. Galma a Kubau don Zariya ne da gonaki. Gurara yana cikin jiharmu amma bututunsa Abuja ya nufa, yana ƙara wa dam ɗin Usuma. Shiroro da Zungeru, duk a kan kogin Kaduna suke cikin jihar Neja, na lantarki ne, ɗaya megawat 600, ɗaya 700. Mu da muka yi aikin, abin da aka koya mana lissafawa uku ne: na sha, na noma, na wuta. Ban taɓa zama a taron da aka ware awa ɗaya kan masu su ba, balle masu shaƙatawa.

Kuma hanin ba duka ne zalunci ba. Kusa da inda ake zuƙar ruwa da inda ake sakin sa, wuri ne mai kisa, in aka buɗe ƙofa ruwan na iya janye jirgi. Jirgi mai inji kuma yana zubar da mai a ruwan da za a sha. Abin da ya dace a shata wuri, a kafa allo: nan ba a zuwa, nan a yi fatsa, nan jirgin filafili mara inji kaɗai. Rashin shatawar ne ya bar komai a bakin mai gadi.

Baristan Barnawa:
Injiniya ya taɓo wurin. Ku ba ni haƙuri zan ɗan yi tsawo, don amsar tambayar tana warwatse ne a dokoki da yawa.

Tsarin mulkin 1999 yana da jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abu na 29 a jerin shi ne kamun kifi, amma sai aka cire kamun kifi a koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa. Ke nan kifin da ke kogin Kaduna hurumin jiha ne. Abu na 36 kuma ya ba Tarayya zirga-zirgar jirage a kogin Kwara da rassan da ke zuba cikinsa, kogin Kaduna kuwa reshensa ne. Abu na 64 ya ba Tarayya ruwan da aka ayyana ya shafi fiye da jiha ɗaya. Namu ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa mu, ya shiga Neja, tafiyar kimanin kilomita 550.

To ka ga mutum ɗaya zaune cikin kwale-kwale da fatsa a hannu: ruwan da ke ƙarƙashinsa na Tarayya, jirgin da yake ciki hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Tarayya, wato NIWA, da ke Lokoja ke da ta cewa a kansa, kifin da zai kama na jiha, ƙasar da ya taka kafin ya shiga tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar jihar Legas da NIWA, ta bar ikon hanyoyin ruwan a hannun Tarayya.

Amma ga abin da zai faranta maka, Baban Hanifa. Dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993, bayan ta damƙa ruwan a hannun Tarayya, a sashe na 2 ta ce kowa na iya ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi, kuma yana iya amfani da ruwan don kamun kifi ko tuƙa jirgi, muddin bai saɓa wa wata doka ba. Asalin abin halal ne, mai hani ne zai kawo hujja. Kuɗin da ba rasit kuwa ba kuɗin gwamnati ba ne.

Baban Hanifa, Malali:
Allah Ya ƙara ilimi, Barista. To su masu taru mai idon gidan sauro fa?

Baristan Barnawa:
Su ne doka ta ambata ƙarara. Dokar kamun kifi na cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, sai wasu 'yan nau'o'in koma da ta keɓe. Ta hana nakiya, ta hana guba, ta hana kama kifi da lantarki, ta ba kwamishinan jiha ikon ba da lasisi da rufe wuri ko rufe lokaci. Matsalarta biyu. Tarar da ke ciki 'yan dubban naira ce ta zamanin da naira ke da daraja, yau kifin kwana ɗaya ya biya ta. Sannan da masu sana'a aka rubuta ta, mai kama kifi don nishaɗi ba a ware masa komai ba.

Ɗan Sarkawa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karantawa, na karanta wa mahaifina ma, ga shi nan kusa da ni yana gyaran kalli. Mu su muka gada, kakanmu daga Yawuri ya zo. Ina roƙo a yi a hankali da zagin masu ƙaramar koma.

Baba ya ce da, da koma mai yatsa huɗu, wato wadda yatsu huɗu ke shiga idonta, yake fita, ya dawo da giwan ruwa da ragon ruwa da ramboshi. Yau ka jefa mai yatsa huɗu ka kwana, ruwa kawai za ka tace. Shi ya sa mutane suka koma yatsa biyu, daga nan yatsa ɗaya, har aka kai gidan sauro. Sun san suna kashe gobe, amma yara na jiran tuwon yau. Wanda ya fara ɓata ruwan ba masunci ba ne. Ku je bakin magudanar Makera da ta Kakuri ku ga kalar abin da ke shiga kogi. Ku dubi 'yan yashi, sun ƙwaƙule wuraren da kifi ke ƙwai. Ku dubi masu lambu da ke wanke tankin feshi a bakin ruwa. Masu zuba gamalin, maganin ƙwarin nan mai kashe kifi, kuwa yawancinsu ba 'yan gado ba ne, baƙin sana'a ne, ɗan gado ya san in ya sa guba gidansa ya ƙona.

Tsoron da Baba yake ji shi ne: duk ranar da gwamnati ta gane akwai kuɗi a shaƙatawar bakin ruwa, za a ba wani mai kuɗi wurin, ya kewaye da waya, ya sa ƙofa, a kore mu. Mun ga yadda ake yi da filaye.

Injiniya Mai Ritaya:
Ka gaida Baba. Tsoronsa na kan hanya, ba zan ce masa ƙarya ba ne.

Ɗan Tudun Wada a Amurka:
Ina gaida manya. Ni a Minesota nake, jihar da ake wa kirari da tafkuna 10,000, kuma fatsa ita ce hutuna. Bari in faɗi yadda suke yi, ba don in ce a kwafo ba.

A nan daga shekara 16 sai da lasisin jiha za ka jefa ƙugiya. Akwai adadin da za ka ɗauka a rana, akwai girman da in bai kai ba ka mayar da shi ruwa, akwai watannin da ake rufe kamun wasu kifaye don su yi ƙwai. Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar kuɗin. Tun 1950 suka yi doka, ana kiranta Dingell-Johnson, aka sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa. A 1984 aka ƙara da harajin man da ƙananan jirage ke sha. Gwamnatin tarayya ke tarawa, ta raba wa jihohi gwargwadon yawan masu lasisi da faɗin jiha, ta biya har kashi 75 cikin 100 na aiki, jiha ta cika sauran. Sharaɗin shi ne jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani abu daban ba za ta samu ba. Da kuɗin ake ƙyanƙyasar kifi a zuba, a gina matakalar sauke jirgi. Dokarsu ta tsabtar ruwa ta 1972 ma burin da ta sa a gaba shi ne ruwa ya zama wanda kifi zai rayu a ciki, mutum ya yi iyo a ciki.

Abin da na lura, masu fatsa su ne idon kogi. Da kamfani ya saki ƙazanta kifi ya taso, kafin azahar an kira hukuma, saboda mutane dubbai na bakin ruwan kuma suna jin nasu ne.

Matashin Rigasa:
Yaya, can Amurka ne. A nan ka ce lasisi, gobe an kafa shinge a bakin kogi ana karɓar kuɗi hannun yaro mai kara da zare. Kuɗin kuma su shiga asusun bai ɗaya, kifi ko ƙanshinsu ba zai ji ba.

Ɗan Tudun Wada a Amurka:
Gaskiyarka, ƙanena. Ba tare da sharaɗin hana karkatarwa ba, ni ma ba na goyon baya. Kuma akwai bambanci babba: a nan kusan duk mai fatsa don nishaɗi yake yi, a gida kuwa mafi yawa abinci suke nema. Ƙasar da ake ƙiyasta tana buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa bai kai rabi ba, ba za ta sa mai hutu gaban mai sana'a ba.

Ɗan Sarkawa:
Baba ya ce in faɗa muku ba sai an je Amurka ba. Abin da kuke kira rufe lokaci, sarakunan ruwa sun daɗe suna yi. A Argungu ba a taɓa ruwan Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Tun 1934 ake bikin a yadda aka san shi yanzu, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Can akwai tseren kwale-kwale, akwai kabanci, akwai nutso. Wannan ba shaƙatawa ba ce? Kuma masunta ne a gaba, ba a kore su ba. A tafkin Kainji ma, lokacin aikin haɗin gwiwa da Jamusawa a shekarun 1990, da sarakuna da shugabannin masunta aka bi aka hana jan dala, wato babbar komar da ake ja zuwa gaɓa, aka yi lasisi, mutane suka karɓa saboda nasu ne ke faɗa musu.

In za a yi a Kaduna, a fara da sarkin ruwa. Shi ya san gurbin da kifi ke haihuwa, shi ya san inda ruwa ke juyi, shi ya san baƙon da ya zo da guba da dare. A ba masunta aikin: su ne masu jirgin haya, su ne masu raka baƙi, su ne masu sintiri, matansu su soya kifin a sayar. Wanda ya samu kuɗin raka mai fatsa sau biyu a mako, da kansa zai ajiye gidan sauro.

Maman Ikram:
Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kuna maganar kifi, ni maganar jirgin ce ta dame ni. Ni uwa ce, kuma ban manta Bagwai ba. Ƙarshen Nuwamban 2021, yara 'yan Islamiyya za su Mauludi, jirgi ya kife da su a dam ɗin Watari, fiye da 20 suka rasu. A shekarar dai an yi na Warrah a Kebbi. A Yunin 2023 na Patigi, 'yan biki, fiye da mutum 100. Kullum labari ɗaya: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, ba rigar kariya. Waɗannan dole ce ta sa su shiga. Yanzu a ce in ɗauki ɗana da hannuna in sa shi a jirgi don wasa? Baban Hanifa, da ka juyo da yaran nan ka yi daidai, Allah Ya saka maka.

Mai Fito:
Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni fito nake yi, shekarata 19 ina tsallakar da mutane, Allah bai taɓa sa na rasa fasinja ba. Amma bari in faɗa miki gaskiyar rigar nan. Mai kyau tana da tsada, jirgina na ɗaukar mutum 10, kuɗin fito kuma canji ne. An taɓa zuwa aka raba mana guda 3, aka ɗauki hoto aka tafi. Cikin mutum 10 wa zan ba? Sannan fasinja da kansa wani ya ce tana wari, wani ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Wata ta ce ba za ta ɗora a kan hijabi ba.

Doka ta ce ba tafiyar dare, ba lodi fiye da ƙima, kowa da riga. Mun ji a rediyo, kuma daidai ne. Amma mai dubawa ba ya zuwa, mu ke duba junanmu. In ruwa ya cika a Agusta da Satumba, shugabanmu ne ke cewa yau a rage mutum, ko yau ba fita.

Maman Ikram:
To Malam, ai nan ne gwamnatin jiha za ta shigo. In jirgi na Tarayya ne a takarda, ran da ke ciki ɗan Kaduna ne. A sayi rigunan a ajiye a kowace mashiga, a ba ƙungiyarku amana, har da na yara ƙanana. Wanda ya ƙi sawa kada a ɗauke shi. Kuma a koya wa yara iyo, mata da maza, kowa da lokacinsa da mai koya masa. Garin da kogi ya raba biyu, amma yawancin 'ya'yanmu in suka faɗa ruwa sai dai addu'a.

Nas Mai Dare:
Ƙarin bayani kaɗan daga asibiti. Ruwan da ba ya gudu, mai ciyayi da dodon koɗi, nan tsargiya take. Yaro ya yi wanka, bayan makonni ya fara fitsarin jini, a gida a ce balaga ce. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani. Duk wurin da za a ware don iyo a fara gwada ruwansa.

Alhajin Kawo:
Ni duk wannan magana tana tuna mini ƙudurin dokar ruwa ta ƙasa da aka yi ta rigima a kai a Majalisar Tarayya. Da an bar shi ya wuce, da yanzu hukuma ɗaya ce ke kula da komai, ba wannan rabe-raben da Barista ya lissafa ba. Siyasa da ƙabilanci suka kashe shi.

Malamin Sabon Tasha:
Alhaji, ban yarda ba. Mutane sun ƙi shi ne don suna tsoron Abuja ta karɓe gaɓar koguna daga hannun masu gonaki a bakin ruwa. Mu da iyayenmu ke noma a fadama muna da dalilin tsoro. Kada a mayar da shi ƙabilanci kawai.

Alhajin Kawo:
Malam, ai mafi yawan abin da ke ciki dokokin da ake da su ne aka tattara wuri ɗaya.

Baristan Barnawa:
Ku duka kun riƙe wani ɓangare. Gaskiya ne ƙudurin ya tattaro tsofaffin dokoki, har da ta 1993 da ta hukumomin raya koguna. Gaskiya ne kuma ba a zauna da jihohi da mutanen bakin ruwa yadda ya kamata ba, shi ya sa ya faɗi a 2018, aka dawo da shi a 2020, Majalisar Dattawa ta sake yin watsi da shi a Yunin 2023. Amma ko da ya wuce ba zai amsa tambayar Baban Hanifa ba, tunda tsarin mulki ya riga ya bar kifin cikin ƙasa ga jiha. A 2023 an kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, har an mayar da sashen kifi na Tarayya can daga ma'aikatar gona, sai dai hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa da teku. Namu aikin yana Majalisar Dokokin jiha, nan Lugard Hall. Ba sai mun jira kowa ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya kan kogi, kada mu koma rigimar da ta wuce. Alhaji, Malam, na gode da kuka yi ta cikin mutunci.

Injiniya Mai Ritaya:
Abin da ke ba ni takaici, kayan aikin duk muna da su. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan hanyar Mando. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa. Hukumar raya kogin Neja ta sama da ke Minna, mu ma tana kula da mu. Jami'o'i ga su nan, ɗalibai na rubuta bincike kan kogin nan kowace shekara yana ƙarewa a kanta. Abin da babu shi ne tebur ɗaya da hukumar ruwa, da ta muhalli, da sashen kifi, da masu yawon buɗe ido, da sarkin ruwa za su zauna.

Kuma ni da za a ji tawa, kada a fara da dam na bayan gari, saboda tsaro. Ba wanda zai kai iyalinsa inda yake waige-waige. A fara da cikin gari, daga Gamji. Wurin shaƙatawa ne tun asali, ga gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ga inuwa, ga hanya, kuma yana sama da magudanun Kakuri. A gyara matakala ɗaya, jiragen filafili kaɗan, riguna, mai ceto ɗaya da ya iya ruwa, a rufe in kogi ya cika. In ya yi kyau shekara ɗaya, a matsa gaba.

Matashin Rigasa:
Na ɗan sauko, amma da sharaɗi. Yaro da mai kara da zare kada a karɓi ko sisinsu. Mai fatsar zamani da mai jirgin shaƙatawa su biya, da rasit, a manna abin da aka tara a allo kowa ya gani. Kuma kada a kewaye gaɓa da waya. In an saɓa ɗaya daga ciki, ni ne na farko da zan yi adawa.

Baban Hanifa, Malali:
Na karɓi sharuɗɗan nan duka, ɗana, kuma ni zan fara biya. Ni abin da nake nema tun farko ke nan: in san ƙa'ida, in bi ta, in ga amfanin kuɗina a ruwan. Sunan garin nan daga kadduna ya samo asali, yau yaran da aka haifa a Kaduna sai dai su hangi kogin ta tagar mota a kan gada, wasu ma bola suka ɗauke shi.

Barista, in muka rubuta takarda zuwa kwamitin majalisa mai kula da gona da muhalli, za ka duba mana ita? Ina so maganar Baban Ɗan Sarkawa ta zama ta farko a ciki, kafin tamu.

Baristan Barnawa:
Zan duba, ba ko kwabo. Amma kada mu rubuta daga ɗaki. A fara jin masunta da masu fito da bakinsu, a rubuta abin da suka ce, su sa hannu.

Ɗan Sarkawa:
Na faɗa wa Baba. Ya ce ku zo Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, zai kai ku wurin sarkin ruwa ku gaisa tukuna. Ya ce Baban Hanifa ya taho da yaran da fatsarsu, akwai wani dutse da ruwa bai da zurfi a gefensa, karfasa na taruwa a wurin, daga gaɓa za su jefa ba sai sun shiga jirgi ba.

Mai Fito:
Ni ma zan zo, zan taho da rigunan nan 3.

Maman Ikram:
Ni zan sayi biyu na yara in aiko. Malam Mai Fito, ka gaya mini irin wadda ba ta shan ruwa, kada a sayar mini da ta banza.

Mai Fito:
Hajiya, ki duba mai ɗamara uku da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ita ce ba ta zamewa ta kan yaro. Ki sa a rubuta miki nauyin da take ɗauka kafin ki biya.